Elektaron huɗu a ƙarƙashin dutse: yadda ake farautar ɓoyayyen abu marar nauyi da ruwan argon

A shekarar 2018 wata 'yar na'ura mai suna DarkSide-50, wadda ke cikin kogon bincike na Gran Sasso a ƙasar Italiya, ta yi abin da ba a gina ta dominsa ba. Ruwan argon da ke aiki a cikinta kilo 46 ne kacal, alhali maƙwabciyarta XENON1T, a ƙarƙashin wannan tsaunin, tana aiki da tan 2 na ruwan zinon, wata iska 'yar'uwar argon da ta fi shi nauyi. Duk da haka ƙaramar ce ta kafa iyaka mafi tsauri a lokacin a kan ƙwayoyin ɓoyayyen abu, wato abin da ke cike da sararin samaniya amma ba a ganinsa, masu nauyin GeV 1.8 zuwa 6 (GeV ma'aunin nauyin ƙananan ƙwayoyi ne). Ba ta kama ƙwaya ko ɗaya ba. Abin da ta yi shi ne ta leƙa wani lungu da manyan na'urori ba sa iya gani sosai, ta dawo ta ce idan abin yana nan, to cuɗanyarsa da abubuwan da muka sani ta fi yadda ake zato rauni. Yadda aka yi ta iya leƙa wannan lungu, da farashin da aka biya kafin a leƙa, su ne suka fi ɗaukar hankalina a duk wannan fagen.

Da farko, mene ne ake nema? Tun 1933 Fritz Zwicky ya lura cewa gungun taurarin da ke tarin Coma suna gudu fiye da yadda nauyin abin da ake gani zai iya riƙe su. A shekarun 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka nuna cewa taurarin da ke bakin gungu suna kewayawa da saurin da bai kamata ba in da abin da ke haske shi kaɗai ne ke jansu. Awon hasken da ya rage tun farkon sararin samaniya ya zo ya ƙara tabbatar da lissafin: kusan kashi 85 cikin 100 na duk abin da ke da nauyi a sararin samaniya wani abu ne da ba ya fitar da haske, ba ya tare shi, ba ya mayar da shi. Ta jan nauyinsa kawai muka san da shi. Wannan shi ne ɓoyayyen abu.

Shekara da shekaru zato mafi rinjaye shi ne cewa ƙwaya ce mai nauyi, wajen GeV 100, wato ta ninka furoton sau ɗari, tunda nauyin furoton ɗaya bai cika GeV 1 ba, 0.938 ne. A kan wannan zaton aka gina manyan na'urori, aka jira, aka ƙara girma, aka sake jira. Shiru. Babbar na'urar karo da ƙwayoyi ta CERN, cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai, ita ma ba ta fito da sababbin ƙwayoyin da aka sa rai ba. Sai hankali ya fara komawa ƙasa, wajen masu nauyin GeV kaɗan ko ƙasa da haka. Kuma ba don rashin abin yi ba ne, akwai dalili mai kyau. Yawan ɓoyayyen abu ya ninka na abin da muke gani kusan sau 5 ne kawai, ba sau miliyan ba. Wasu masana suka ce wannan kusancin ba banza ba: wataƙila hanya ɗaya ce ta samar da su biyun tun farko, adadin ƙwayoyinsu ya yi kusan daidai, don haka nauyin ƙwayar ɓoyayyen abu zai kasance wajen GeV 5. Hasashe ne, amma hasashe ne da ya cancanci a gwada.

Matsalar ita ce ƙwaya marar nauyi ba ta da ƙarfin bugu. Rana da duniyarmu suna ratsa wannan ɓoyayyen abu da gudun kimanin kilomita 230 a daƙiƙa. Idan nauyin ƙwayar GeV 2 ne, lissafi ya nuna a cikin kowace lita ta sararin da ke kewaye da mu akwai wajen guda 150, kuma miliyoyinsu na ratsa kowane murabba'in santimita a kowace daƙiƙa ba tare da sun taɓa komai ba. Fatan shi ne jefi-jefi ɗaya ta yi karo da cibiyar wani atam ta ture ta. To amma wanda ya jefi turmi da tsakuwa ya san tsakuwar ce ke dawowa, turmin ko gezau. In gwangwani ya jefa, shi ne zai motsa. Cibiyar zinon tana da nauyin furoton 131 a matsakaici, ta argon kuwa 40. Ƙwaya mai nauyin GeV 2, ko da ta zo da iyakar gudun da gungun taurarinmu zai bari, ba za ta ba cibiyar zinon fiye da kimanin keV 0.4 na kuzari ba (keV ɗan ƙaramin ma'aunin kuzari ne, kashi ɗaya cikin miliyan na GeV). Cibiyar argon za ta samu wajen keV 1.2, ninki uku ke nan. Duka biyun ƙanana ne ƙwarai, amma a wannan fagen ninki uku shi ne bambancin gani da rashin gani.

Argon kansa ba baƙo ba ne. Kusan kashi 1 cikin 100 na iskar da muke shaƙa argon ne, kuma shi ne a cikin tukunyar da masu waldar alminiyom da baƙin ƙarfe marar tsatsa ke jingine a bakin shago. Ba ya haɗuwa da sauran sinadarai, yana da araha, yana zama ruwa idan aka sanyaya shi zuwa digiri 186 ƙasa da sifiri, kuma yana da sauƙin tacewa.

A zuciyar DarkSide-50 akwai wata tukunya mai faɗin kimanin santimita 36, tsayinta ma haka, cike da ruwan argon, a samanta an bar tazarar santimita 1 ta argon mai iska. Akwai idanun lantarki masu jin haske guda 19 a sama, 19 a ƙasa. An sa tukunyar a cikin wata ƙwallo mai tan 30 na wani ruwa mai walƙiya, ita kuma a cikin tankin ruwa tsarkakakke tan 1,000, sannan ga dutse mai kaurin mita 1,400 a kansu yana tare ƙwayoyin da ke zubowa daga sama. Idan wani abu ya bugi atam a cikin ruwan, abu biyu ke faruwa. Nan take sai a ga walƙiya, wadda ake kira S1. Hasken argon ido ba ya ganinsa, tsawon zangonsa nanomita 128 ne, don haka ake shafa wa bangon tukunyar wani sinadari da ke juya shi zuwa shuɗi. Na biyu, bugun yana fizge wasu elektaron daga jikin atam. Ƙarfin lantarki na bolt 200 a kowane santimita sai ya ja su sama sannu a hankali, su isa saman ruwan, wani ƙarfin da ya fi wannan ya fizge su cikin iskar, su yi ta gogayya da atam suna fitar da haske. Wannan walƙiya ta biyu ita ce S2. Tazarar lokaci tsakanin biyun tana faɗin zurfin wurin da aka yi bugun, idanun sama kuma suna nuna ta wane gefe.

Abin da ya sa masana ke ƙaunar argon yana cikin walƙiyar farko. Haskenta kashi biyu ne, wani yana fita cikin nanodaƙiƙa 6 ko 7, wani yana jan ƙafa har kimanin mikrodaƙiƙa 1.5. Idan cibiyar atam aka buga, kamar yadda ɓoyayyen abu zai yi, mai saurin ne ke rinjaye. Idan elektaron aka buga, kamar yadda tururin nukiliya na yau da kullum ke yi, mai jan ƙafar ne ke rinjaye. Da duban siffar walƙiyar kawai ana iya ware na gaske daga hayaniya, har a ce cikin miliyoyin bugun bogi da ƙyar ɗaya zai kuɓuce. Na'urar DEAP-3600 da ke Sudbury a Kanada, mai tan 3 da 'yan kai na argon a zurfin kilomita 2, kusan a kan wannan baiwar kaɗai ta dogara.

Sai dai baiwar tana buƙatar haske mai yawa. Sai bugun ya kai keV gommai kafin a samu ɗigon hasken da zai isa a karanta siffarsa. Bugun keV 1 kuwa ba ya ba da walƙiyar farko da za a gani sam. Nan ne masu DarkSide suka yanke shawara mai nauyi: su ajiye S1 gaba ɗaya, su ƙirga elektaron kawai. Abin da ya ba su wannan damar shi ne cewa walƙiya ta biyu tana ƙara girman alama. Elektaron ɗaya tak da ya tsallaka cikin iskar yana sa idanun su kama ɗigon haske wajen 23, kuma kusan duk wanda ya iso saman ruwan yana tsallakawa. Na'urar tana ganin elektaron ɗai-ɗai. Da haka aka sauko da bakin awo, wato mafi ƙanƙantar alamar da ake ƙirgawa, zuwa elektaron huɗu, wato kimanin keV 0.6 na bugun cibiya.

Farashin fa? Babu S1, babu siffar walƙiya, don haka babu sauran ware bugun cibiya daga bugun elektaron. Babu tazarar lokaci, don haka ba a san zurfin wurin ba, ba za a iya zubar da abin da ya faru kusa da ƙasan tukunya ko samanta ba. Abin da ya rage shi ne a yi amfani da tsakiyar tukunyar kawai, kimanin kilo 20, a bar gefe-gefe. An ajiye makamin da argon ya fi kowa da shi, an koma aikin akanta: a lissafa duk wata hayaniya da ta kamata a ji, daga kowane ƙarfe da kowane ido, a kwatanta da abin da aka ji, a ga ko akwai rara. A ganina wannan ne ainihin abin da ya kamata mai karatu ya riƙe. Farautar ƙananan ƙwayoyi ba gasar girman tukunya ba ce da farko, gasar tsabta ce da sanin hayaniyar gidanka.

Babbar hayaniya kuwa a jikin argon ɗin take. Ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin samaniya suna bugun argon na iska suna mayar da kaɗan daga cikinsa argon-39, wanda ke tarwatsewa yana harba elektaron, kuma rabinsa ba ya ƙarewa sai bayan kimanin shekara 269. A kowane kilo na argon da aka tace daga iska ana samun tarwatsewa kusan ɗaya a daƙiƙa. A tukunya mai kilo 46 wannan ya kusa miliyan 4 a rana. Wanda ke da siffar walƙiya zai iya jurewa, wanda ya ajiye ta ba zai iya ba. Mafita ta fito daga rijiyoyin iskar kabon dayoksaid da ke yankin Cortez a jihar Colorado ta Amurka. A cikin iskar da ake haƙowa akwai ɗan argon, 'yan ɗaruruwa cikin miliyan, wanda ya samo asali daga tarwatsewar fotasiyam a cikin duwatsu kuma ya daɗe a ɓoye inda ƙwayoyin sama ba sa kaiwa. An kwashe shekaru ana tara shi, aka kai ɗakin binciken Fermilab a Amurka aka tace, aka samu kimanin kilo 150, aka zuba a na'urar a 2015. Da aka auna, argon-39 da ke cikinsa ya yi ƙasa da na iska sau 1,400. In ba don wannan argon ba, sakamakon 2018 ba zai yiwu ba. An kuma tarar da ɗan kirifton-85 a ciki, wanda shi ma ya shiga jerin abubuwan da dole a lissafa.

Akwai wani abu a nan da ke burge ni. A lokacin da ake jigilar argon ɗin a doron ƙasa, ƙwayoyin sama sun samar da ɗan argon-37 a cikinsa. Gurɓata ce, amma mai amfani. Rabinsa na ƙarewa cikin kwana 35, kuma idan ya rikiɗa yana sakin kuzari sananne, keV 2.82 ko keV 0.27, a ko'ina cikin ruwan. Sai masu binciken suka ɗauki bayanan watannin farko suka mayar da shi ma'auni: ga adadin elektaron da keV 0.27 ke bayarwa, an gani da ido a cikin ainihin tukunyar. Bayan 'yan watanni ya ƙare da kansa ya bar fili.

Wannan ya warware awon bugun elektaron. Awon bugun cibiya ya fi wuya, kuma a nan ne nake ganin sakamakon ya fi buƙatar taka-tsantsan. Cibiyar argon da aka tura da keV 1 tana ɓarnatar da yawancin kuzarinta wajen gogar maƙwabta, ya zama zafi, kaɗan ne ke fizge elektaron. Nawa ne wannan kaɗan ɗin? An kusanto da abubuwa masu fitar da niyutaron, ƙwayar cibiyar atam marar cajin lantarki, kusa da tukunyar, domin niyutaron yana tura cibiya kamar yadda ɓoyayyen abu zai yi, aka haɗa da awon da wasu gwaje-gwaje irin su SCENE da ARIS suka yi a kuzari mafi girma, aka ja layi zuwa ƙasa da taimakon lissafi. Amma matsakaicin adadi bai isa ba. Idan bugu iri ɗaya yana ba da elektaron uku a matsakaici, wani lokaci biyu wani lokaci biyar, to wannan hawa da saukar ce ke tantance yawan waɗanda za su haye bakin awo na huɗu. Masu DarkSide sun fitar da layin iyaka biyu, ɗaya da zaton akwai hawa da sauka a asarar kuzarin, ɗaya da zaton babu, suka jingina babbar maganarsu a kan wanda ya fi tsantseni. Na yaba da wannan. Wanda ya ga zanen da layuka biyu ya san inda ilimi ya tsaya da inda zato ya fara. Gwajin ReD da aka yi a Catania an shirya shi ne domin a auna wannan amsar kai tsaye a 'yan keV kaɗan.

Me ya sa aka tsaya a elektaron huɗu tunda na'urar tana ganin ɗaya? Domin ƙasa da huɗu akwai tarin alamu da ba su da alaƙa da wani bugu sabo. Suna yawaita jim kaɗan bayan babban bugu, kuma an ga sun ƙaru a lokacin da aka kashe matatar da ke tsabtace argon ɗin. Wannan ya nuna cewa aƙalla wani ɓangarensu datti ne a cikin ruwan, wanda ke cafke elektaron yana tafiya, ya riƙe shi na ɗan lokaci, sannan ya sake shi shi kaɗai. Na'urorin zinon ma suna fama da irin wannan. Kuma abin takaicin shi ne daidai wurin da waɗannan elektaron na bogi suka taru, nan ne alamar ƙwaya mafi ƙanƙanta za ta fi yawa. Duk wanda ya iya rage su ya sauko da bakin awo zuwa biyu, ya buɗe sabon fili ba tare da ya ƙara kilo ɗaya na argon ba. Da ni ke raba kuɗin bincike, wannan aikin marar armashi, na gano wane datti ne da yadda za a fitar da shi, zai samu kaso mai tsoka.

A 2023 ƙungiyar DarkSide ta fitar da sakamakon duk bayanan da ta tara, na kwana sama da 650, da ingantaccen lissafin hayaniya da sabon awo, ta kafa iyaka mafi tsauri a tsakanin GeV 1.2 da 3.6. Ta kuma miƙa hannu ƙasa da haka ta hanyoyi biyu. Ɗaya ita ce neman ƙwayar da ke bugun elektaron kai tsaye maimakon cibiya. Ɗayar kuma ta dogara da wani tunani na masanin Tarayyar Sobiyet Arkady Migdal: idan aka fizgi cibiyar atam farat ɗaya, elektaron ɗin da ke kewaye da ita ba sa bin ta nan take, wani lokaci ɗaya yakan ɓalle ya fita da kuzarin da ya fi na turin kansa bayyana. Da wannan lissafin iyakar DarkSide-50 ta sauka har MeV 40, wato ƙasa da kashi 5 cikin 100 na nauyin furoton. Ina ɗaukar wannan iyakar da sassauci fiye da ta farko, saboda ta rataya a kan lissafin yawan faruwar abin a cikin ruwa. Wani gwaji da aka yi da ruwan zinon a ɗakin binciken Lawrence Livermore a 2023 bai ga alamar a yawan da aka yi hasashe ba. Wannan bai rushe tunanin ba, amma ya isa ya sa a yi hattara.

Tarihin fagen ma yana koyar da hattara. Gwajin DAMA, a wannan kogo na Gran Sasso, ya shafe sama da shekara ashirin yana cewa yana ganin alama mai hawa da sauka da zagayowar shekara, amma COSINE-100 a Koriya ta Kudu da ANAIS a Sifen, masu amfani da irin lu'ulu'unsa, ba su tabbatar ba. A 2020 XENON1T ta ga rara a ƙananan kuzari, duniya ta ɗauka, sai XENONnT ta zo a 2022 da tukunya mafi tsabta ba ta ga komai ba. Na'urar da ke ƙirga elektaron kawai tana da ƙarfi wajen cewa babu, amma ranar da ta ga rara, da wuya ta iya rantsuwa ita kaɗai cewa ba wani dattin da aka manta ba ne. Za a buƙaci zinon da silikon da lu'ulu'u masu sanyi irin na CRESST da SuperCDMS su ga abu ɗaya, kowanne da nauyin cibiyarsa, lissafin ya dace. Shi ya sa ban ga argon a matsayin kishiyar zinon ba. Shaida biyu daga gida daban-daban ake nema.

Yanzu ƙungiyoyin argon na duniya, DarkSide da DEAP da ArDM da MiniCLEAN, sun haɗe tun 2017 suna gina DarkSide-20k a Gran Sasso, mai tan 50 na argon na ƙarƙashin ƙasa a tukunyarta. Ana kafa masana'antar Urania a Colorado domin haƙo sama da tan 100, sannan a tsibirin Sardiniya ana gina Aria, bututun tacewa mai tsayin mita 350 da aka zura a ramin tsohuwar mahaƙar kwal ta Seruci, a Canfranc ta Sifen kuma na'urar DArT za ta riƙa auna argon-39 da ya rage. An maye gurbin tsofaffin idanun da na silikon, waɗanda ba su kai su tururin nukiliya ba. Domin manyan ƙwayoyi aka tsara ta, amma girmanta zai ba ta damar ware tsakiya mai nisa da bango ta ƙirga elektaron a can. Akwai kuma shawarar gina wata dabam, DarkSide-LowMass, mai kimanin tan 1, wadda tun daga zanenta ƙananan ƙwayoyi za ta sa a gaba.

A ƙarshen wannan hanya akwai hayaniyar da ba dutse ko tacewa da za su hana. Rana tana zubo niyutirino, wasu ƙananan ƙwayoyi masu ratsa kusan komai, kuma waɗanda ke fitowa daga tarwatsewar boron-8 suna tura cibiyar atam kusan daidai da yadda ƙwayar GeV 6 za ta yi. Daniel Freedman ya yi hasashen irin wannan turin a 1974, gwajin COHERENT a Oak Ridge ya gan shi a 2017, daga baya ya sake ganinsa a cikin ruwan argon. A 2024 PandaX-4T ta ƙasar Sin da XENONnT suka ba da rahoton alamun farko na niyutirinon rana a tukwanensu. Ga na'urar argon mai ƙirga elektaron, ranar da ta fara ganin waɗannan niyutirino za ta samu abin da DarkSide-50 ba ta taɓa samu ba: turin cibiya na gaske, mai sanannen yawa, a daidai ƙaramin kuzarin da ake gardama a kansa, wanda za a gwada layukan nan biyu da shi a ga wanne ya fi kusa da gaskiya.